Harshen Innar Kicin

Duk wanda ya taɓa aiki a kamfanin sabulun da ke bayan tashar jirgin ƙasa ya san Innar Kicin. In bai san fuskarta ba, ya san muryarta. Shekara ashirin da biyu ta yi tana ciyar da ma'aikata ɗari biyu da 'yan kai kullum da rana. Gajera ce mai faɗin kafaɗa, da tsohon tabon ƙuna a damtsenta na dama. In tana kai-kawo tsakanin murhunan gas ɗin nan, sai ka rantse wani ne ya biyo ta da bulala.

Da wanke-wanke ta fara a kamfanin, lokacin tana shayar da 'yarta ta uku. Wata rana tsohon kuku ya kwanta ciwo, aka rasa mai ɗora tukunya, ta ɗora. Da bawan Allah ya warke ya dawo, ma'aikata suka ce don Allah a bar shi ya ƙara hutawa. Tun daga ranar tukwane suka zama nata, kuma ba ta da wani abin alfahari a duniya da ya kai su, in ka cire 'ya'yanta. Wasu ranakun ma ba sai ka cire ba.

Ba ta awo. Kamfani ya taɓa sayo mata ma'auni mai lambobi, ta mai da shi wurin rataye tsumma. Harshenta ne ma'auninta. Shinkafa, taliya, miyar kifi, romon nama, duk abin da ke kan wuta sai ya bi ta bakinta kafin ya isa farantin kowa. Dokar masu duba tsafta ita ce cokalin da ya shiga baki ba ya komawa tukunya, don haka akwai wani kwanon silba da ruwa a gefen murhu. Ta ɗanɗana, ta jefa cokalin ciki, ta ɗauki sabo. Ba ta ma sanin tana yi, kamar ƙifta ido.

Mai wanke cokulan nan ita ce mataimakiyarta, wata doguwa siririya da ake kira Tabarau saboda gilashinta da tururi ke rufewa kullum. Shekara goma sha tara suna tare, shekara goma sha tara suna faɗa a kan gishiri.

"Yaya, hannunki ya yi nauyi yau," Tabarau takan ce.

"Ke dai yanka albasarki. In aka bar ki da tukunya, sai mutane su ɗauka an kwantar da su a asibiti."

Sai Tabarau ta goge gilashi da gefen riga ta koma ga albasarta. Ta iya girki, kowa ya sani, Inna ma ta sani. Sanin ne ma ya sa ba ta taɓa miƙa mata ludayi ba.

Akwai wani abu da Inna ta rayu da shi tun tana yarinya ba ta taɓa kiransa ciwo ba. Ita ce ta ƙarshen tashi daga gaban abinci a gidansu: loma ɗaya, kurɓin ruwa ɗaya. Uwarta ta ce iyayi ne, yayyenta suka ce yanga ce. Mijinta kuwa cewa ya yi ya auro mace mai tauna a hankali kamar tana tsoron kada abincin ya ji zafi. Wani lokaci loma kan tsaya mata a ƙirji, ta miƙe tsaye, ta ɗan bubbuga, ta kora da ruwa, abin ya wuce. Ta ɗauka kowa haka yake, wasu ne kawai suka fi ta iya ɓoyewa.

Wata Talata, bayan an sallami ma'aikata, tana zaune da mutanen kicin suna cin nasu rabon. Tana tsakiyar ba da labari ta haɗiye tsokar nama, tsokar ta tsaya. Ta kora da ruwa, ruwan ya dawo ta baki har da hanci. Numfashi dai tana yi, amma ko yawun bakinta ya ƙi wucewa. Ta shiga banɗaki ta kulle, ta sunkuya a wurin wanke hannu tana tofarwa, tana jiran abin ya sauka yadda ya saba. Awa biyu bai sauka ba. Ta fito ta ce wa Tabarau haƙori ne ya matsa mata, ta tari tasi ita kaɗai da tsumma a baki sai asibiti.

A can aka yi mata allurar barci, aka zura mata siririn bututu mai kyamara ta baki aka ciro tsokar, aka kuma ɗan gutsuro jikin hanyar abincin don a duba. Bayan kwana goma ta koma jin sakamako tare da mijinta. Likitar mace ce, sa'ar babbar 'yarta, mai magana a hankali. Ta faɗi sunan ciwon, wani dogon suna da Inna ba ta ko yi ƙoƙarin riƙewa ba, sannan ta zana bututu a takarda.

"Mama, wannan ce hanyar da abinci ke bi daga maƙogwaro zuwa ciki. Akwai wasu ƙwayoyin jini da aikinsu kare jiki ne. A wurinki sun ɗauki wani abinci abokin gaba, in kin ci shi sai su taru a nan, wurin ya kumbura. Shekara da shekaru ke nan, har ya ƙuntata. Ba ciwon daji ba ne, ki kwantar da hankalinki. Sai dai ba mu san wane abinci ba ne."

Ta ce hanya biyu ce. Ko magani da za a riƙa sha kullum, ko a bar abu shida na tsawon mako shida: madara, alkama, ƙwai, waken suya, gyaɗa da danginta, sai kifi da duk abin da ke fitowa daga ruwa. In kumburin ya sauka, a riƙa dawo da su ɗaya bayan ɗaya har a kama mai laifi.

"Ta biyun," in ji Inna, tun likita ba ta rufe baki ba. "Abinci ai fannina ne, 'yata. Shekarata ashirin da biyu ina kuku."

Girman kai ne ya zaɓa mata, in ana son gaskiya, amma wa ya isa ya gaya mata a ranar?

Mijinta tsohon direban bas ne da ya yi ritaya, mutum mai son shayi da madara da burodi kamar ransa. Ya dafe ƙirji ya ce shi ma ya bar su duka, abin da ya sami Maman yara shi ya same shi. Kwana huɗu ya daure. A na biyar ta tarar da rabin burodi cikin akwatin kayan gyaran motarsa, ya ce na tsuntsaye ne. Ya tsaya yana jiran ta yi dariyar da ta saba, mai sa ta riƙe ciki. Ta dai mayar da murfin akwatin ta wuce.

Ta bi dokar likita sau da ƙafa. Ta manna takardar a jikin firiji, ta kwafi wata tana yawo da ita a jaka. Ta sayi sabuwar tukunya tata ita kaɗai. A kanti takan tsaya tana juya gwangwani tana karanta ƙananan rubutu, har masu kantin suka fara sa wa jakarta ido. Abincin ranarta daga gida take zuwa da shi, dankali da kabewa da ta dafa ta dama, ta ci a sito a tsaye bayan ta tura ƙofa. Mutanen kicin kuwa ce musu ta yi hawan jini ne aka ce ta kiyaye. Kuku mai ciwon haɗiya! Ina za ta kai wannan kunya, kuma wa zai bar mata tukwane in magana ta kai ofis?

Tsoro kuwa ya riga ya sami wurin zama. Da ta ɗaga loma sai gabanta ya faɗi, tafin hannunta ya jiƙe. Takan tauna sau arba'in tana ƙirgawa, in ta rikice ta sake daga farko. Ko bakin titi ba ta zuwa ba gorar ruwa a jaka. A bas takan zauna kusa da ƙofa, tana lura da kowane asibiti da aka wuce da tazararsa. Wani lokacin ba ma ci take yi ba, tana zaune kawai sai ta tuna da yawun bakinta, ta kasa haɗiye shi sai ta yi shiri. Wuri ɗaya ne tsoron ba ya bin ta, bakin tukunya. A can hannu da baki suna aikinsu ba tare da sun shawarce ta ba.

Mako shida suka cika, aka sake zura bututu. Ranar sakamako likita ta daɗe tana kallon takarda.

"Mama, kumburin yana nan, bai ragu ba." Ta ɗago kai. "Kin tabbata ba abin da ya shiga bakinki cikin shidan nan?"

Inna ta ji kamar an mare ta. "Tambayi Malam. Malam, gaya mata."

"Wallahi likita, ko ƙamshin burodi ba ta yarda da shi ba," in ji mijin. "Ni ne shaida, don ni na fi kowa shan wuya."

Gaskiya suka faɗa, iyakar saninsu. Likita ta ce yakan faru, ba kowa wannan hanyar ke yi wa ba, gara a koma magani. Inna ta roƙa a ƙara mata wani mako shidan. Likita ta yarda ba da son ranta ba, da sharaɗin kada ta ƙara cire komai da kanta. Sannan ta yi tambayar da Inna ba ta zata ba: tana samun barci? Akwai abin da ke faranta mata rai a kwanakin nan? Ta ce masu wannan ciwon da yawa damuwa da fargaba kan kama su, ba kuma gazawa ba ce, kuma akwai wata ma'aikaciya a hawa na biyu da aikinta ke nan, ta zauna da mutum su yi magana. Ta rubuta 'yar takarda ta miƙa. Inna ta ninke ta gida huɗu ta cusa a ƙasan jaka. Maƙogwaro ta kawo a duba mata, ta ce a ranta, ba ƙwaƙwalwa ba.

Sharaɗin likita kuwa ko ƙofar asibiti bai fita ba. Inna ta yanke wa kanta hukunci cewa in mai laifin ba ya cikin shidan nan, to yana cikin sauran. Ta bar nama, ta bar wake, ta bar shinkafa da tumatir, har ayaba ta bari don wata rana ta ji kamar ta ɗan tsaya. Rigunanta suka yi mata yawa.

In ta dawo gida da yamma sai ta shige ɗaki ta zauna a bakin gado da takalmi a ƙafa. Ta tashi ta leƙa taga, ta dawo ta zauna, ta sake tashi. Zama ya gagare ta, aiki ma ya gagare ta. Shukokin da take ban ruwa a baranda suka bushe tana kallo. 'Ya'yanta na kira daga garuruwan da suke, ta bar wayar ta yi ta ƙara har ta gaji. Wata ranar hutu babbar 'yar ta zo da jikoki, aka zuba abinci, Inna ta ce ta ƙoshi ta koma ɗaki. Tana jiyo ƙarar faranti da dariyarsu ta bango, ta yi kuka mai yawa, ba ta kuma san takamaiman na mene ne ba.

"Maman yara, na yi miki wani laifi ne?" mijin ya tambaya daga bakin ƙofa bayan baƙi sun tafi.

"Ba ka yi ba, Malam."

"To ki yi min faɗa mana, ko na minti biyu ne. Gidan ya yi shiru da yawa."

Ta goge hawayenta, ta kwanta tana kallon bango.

A kicin kuma wani abu ya same ta da bai taɓa samunta ba: ta daina yarda da kanta. Da, ɗanɗano ɗaya ya ishe ta. Yanzu ta ɗanɗana miya ta juya, sai zuciyarta ta ce anya kuwa? Ta dawo ta sake. Ta ciji taliya ta ji ko ta nuna, bayan minti ɗaya ta sake cizo. Duk mai girki ya san harshe na gajiya, in aka dame shi sai ya daina jin gishiri. Inna ta sani, ita ma ta koya wa wasu, amma fargaba ta mantar da ita. Harshe ya ce babu, hannu ya ƙara. Faranti suka fara dawowa da rabin abinci. Wani direban babbar mota ya ɗaga murya a layi ya ce ko kamfanin ya koma sarrafa gishiri ne ba a sanar da su ba, aka kwashe da dariya.

Wata safiya manajan ma'aikata ya kira ta ofis. Mutum ne mai ladabi, ya ci abincinta tun yana ƙaramin akawu, don haka ya kasa kallon idonta.

"Inna, ƙorafi ya yi yawa. Na tare iya tarewa. Na sama sun ba da wata biyu. In ba a ga gyara ba, mataimakiyarki za ta karɓi tukwane, ke ki koma gefe."

"Gefe," ta maimaita.

"Ba korarki za a yi ba, Inna."

Da korar ma ta fi mata sauƙi. Ta fito, maimakon ta koma bakin murhu sai ta shige sito ta zauna a kan buhun shinkafa. Ƙirjinta na bugawa kamar ta yi gudu, numfashi na yi mata kaɗan. A haka Tabarau ta same ta da ta zo ɗibar albasa. Ta dube ta, ta tura ƙofa da ƙafa ta rufe.

"Yaya, hawan jini ba ya yin haka. Uwata ta yi shi shekara goma, na san shi. Ki gaya min. In ba za ki iya ba, ki gaya wa buhun nan, ni in saurara."

Ko gajiya ce, ko don ta ga ba sauran abin karewa, Inna ta buɗe jaka ta miƙa mata takardar abu shidan. Ta faɗi komai, tun daga tsokar nama har sakamakon da bai canza ba.

"Na bi, wallahi na bi. Ko ɗigon madara ban sha ba. Jikina ne kawai ya ƙi. Ni kam tawa ta ƙare."

Tabarau ta kai takardar kusa da gilashinta tana karantawa da motsin leɓe. Sau biyu ta karanta. Sai ta ajiye ta fita. Inna ta ce a ranta shi ke nan, ofis ta nufa, ta sami abin da ta daɗe tana jira.

Sai ga ta ta dawo rungume da kwanon silba. Ta tsiyaye ruwan, ta juye cokulan a ƙasa gaban Inna, suka watsu da ƙara.

"Na yau ne kawai, kuma ko ƙarfe sha ɗaya ba ta yi ba. A da, goma nake wankewa, in ya yi yawa sha biyu. Jiya hamsin da uku na wanke." Ta ɗauki ɗaya. "Wannan na taliya ne. Da me ake yin taliya, Yaya?" Ta ɗauki wani. "Wannan miyar kifi. Wannan kuma farar miyar da kike kaɗa wa fulawa da madara. Shinkafar ma da bota kike gama ta. Man gyaɗa kuwa, nuna min tukunyar da babu shi."

"Ai ɗanɗanawa kawai nake..." Inna ta fara, sai maganar ta mutu a bakinta.

"Cokali hamsin, Yaya. Ko ni ba na cin haka da rana."

Fushi ne ya fara zuwa, don shi ya fi sauri. Wa ya sa ta ƙirga mata cokula? Sai kunya ta biyo baya, ita da ta bugi ƙirji gaban likita ta ce abinci fanninta ne. Daga nan wani sanyi ya ratsa ta, irin wanda ta manta da shi. Ashe ba jikinta ne ya ƙi ba, ashe akwai sauran hanya. Sanyin bai daɗe ba, don nan take ta hango inda hanyar ta bi. In dai za ta warke, cokali ba zai sake shiga bakinta a kicin ɗin nan ba. Kukun da ba ta ɗanɗano kuwa, me ya rage mata?

Da Inna ta koma ta gaya mata, likita ba ta yi dariya ba. Dafe goshi ta yi, ta ce laifinta ne da ba ta tambayi yadda aikin yake ba. Ta ce a sake mako shida daga farko, a dawo da nama da shinkafa da duk abin da Inna ta kora da kanta, kuma ko da niyyar tofarwa ce kada ta kai cokali baki. A ranar ce Inna ta lalubo 'yar takardar nan daga ƙasan jaka ta haura hawa na biyu. Ta shiga da shirin minti biyar, ta fito bayan awa guda da jajayen idanu. Matar ko ƙwaya ɗaya ba ta ba ta ba. Ta dai saurara, ta koya mata yadda za ta ja numfashi in ƙirji ya fara bugawa. Inna ta ce wa mijinta wannan ai ba magani ba ne, hira ce. Amma mako na gaba ita ta tuna masa ranar komawa.

Kwana biyu ta gwada girki da hanci da ido kaɗai. Rana ta farko miya ta yi lami, ta biyu taliya ta caɓe. A ta uku ta ɗebo miya a cokali, ta tsaya da shi a hannu, ta juyar da kai wajen bango.

"Ke Tabarau. Zo."

Tabarau ta zo tana goge hannu. Ta karɓa, ta hura, ta kai baki.

"Me ya rage?"

"Ba komai, Yaya."

"Ƙarya kike. Ko rabin gishirin da na saba ban sa ba."

"Shi ya sa."

Haka suka ci gaba. Sauran mutanen kicin sun gani, suka yi kamar ba su gani ba. Inna na riƙe da ludayi da wuta da lokaci, Tabarau na zuwa in an kira ta. Abin bai zo da sauƙi ba. Hannun Inna kan ɗauki cokali da kansa, sai ya kusa baki ta farga ta cillar. Ta koma goye hannu a baya tana zagaye murhu kamar mai gadi, ƙarshe ta kwashe cokulan duka ta zuba a aljihun Tabarau. Wata rana ta wuni lafiya, wata rana fargabar ta dawo ba gaira ba dalili, ta tsaya bayan ƙofa tana jan numfashi yadda aka koya mata. Faranti kuwa suka fara dawowa fes.

Karo na uku da aka zura bututu, kumburin ya sauka, saura kaɗan. Mijinta ya yi ta godiya, har mai sharar baranda sai da ya gode wa. Likita ta ce yanzu ne ma aka fara: a dawo da abinci ɗaya, a jira, a duba, a dawo da wani. Zai ci watanni, wataƙila shekara, kuma duk wanda aka kama, rabuwa ce ta har abada. Inna ta bi su ɗaya bayan ɗaya a ranta suna hanyar gida. Alkama ce, madara ce, gyaɗa ce, ba wanda ba ya cikin tukwanen kamfani.

Ranar Alhamis ta makon ƙarshe na wata biyun da aka ba ta, manaja ya shigo kicin da kansa, abin da bai saba ba, da murmushi har kunne.

"Inna, magana ta mutu. Ƙorafi ya ɗauke cak. Har cewa suke abincin ya fi na da. Hannunki ya dawo, tukwane naki ne."

Ya fi na da. Maganar ta soke ta har ƙashi. Ta waiwaya. Tabarau na can wurinta na kullum, ta sunkuyar da kai kan katakon yanka, wuƙa na tafiya, ko ɗagowa ba ta yi ba. Inna ta san ba za ta ɗago ba, yau ko gobe ko baɗi. Za ta ci gaba da zuwa in an kira ta, ta ɗanɗana, ta koma ga albasarta, a yaba wa wata. Shiru kawai ake so Inna ta yi, ita kuwa ta ƙware a shiru, shi ta yi ta yi watanni har ya kusa kai ta ƙasa. Ta ji ƙirjinta ya fara bugawa. Ta ja numfashi, ta sake ja.

"Yallaɓai, kusan wata biyu ke nan ban kai cokali bakina ba. Ina da ciwo a hanyar abinci, likita ta hana ni, kuma ban ga ranar da za ta bari ba. Abin da suke yabo, harshen wannan ne." Ta nuna Tabarau da ludayi.

Wuƙar ta tsaya. Murmushin manaja ya janye a hankali. Ya kalli wannan, ya kalli waccan, ya ce Allah ya ƙara sauƙi, ya ce dole ya sanar da na sama. Yana fita Tabarau ta cire gilashi ta ajiye kan tebur.

"Yaya, me ya kai ki? Wa ya tambaye ki? Ni na ce miki ina so?"

"Kina so mana. Da ni ce ke, da tuni na taɗiye ki."

"Ba ta haka na so ba."

"Ni ko ta yaya ban so ba. Je ki juya waken can kada ya kama."

Takarda ta fito kafin ƙarshen mako. Tabarau ce babbar kuku daga Litinin, Inna mataimakiya, da kula da sito.

Ranar Litinin Inna ta zo da wuri kamar kullum, ƙafafunta suka kai ta bakin murhu da kansu. Sai da ta ga Tabarau tsaye a wurin sannan ta karkata zuwa teburin yanka. Ba ta taɓa kallon kicin ɗin daga nan ba. Ba abin da ake gani sai bayan mai girki da tururi. Ta jawo buhun albasa ta fara. Abin ya yi mata ciwo, ciwo sosai, ba ta kuma sa ran zai daina nan kusa ba. Duk murfin da aka buɗe sai wuyanta ya miƙe. Sau biyu ta buɗe baki za ta ce a rage wuta. Na farko ta danne, na biyu ta faɗa, Tabarau ta rage ba ta waiwayo ba.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya ta ji wani abu na murɗa mata ciki. Gabanta ya faɗi. Ta ajiye wuƙa ta dafe tebur tana jiran abin da zai biyo baya, tana lissafin hanyar da ta fi kusa zuwa asibiti. Ba abin da ya biyo. Sai da ta ɗan jima sannan ta gane yunwa ce, yunwa tsagwaronta, irin ta mai aiki.

Ta wanke hannu, ta ɗauko kular abincinta daga jaka, shinkafa da naman da ta yanka ƙanana-ƙanana. Ta jawo kujera nan tsakiyar kicin, mutane na wucewa ta gefenta da tire, tukwanenta na tafasa a hannun wata. Tafin hannunta ya jiƙe kamar kullum. Ta kai lomar farko baki, ta tauna, ta haɗiye, ta tsaya tana saurare. Lomar ta sauka. Ta goge hannu a riga ta ɗebo ta biyu.